Allura ko takarda: me ya buɗe wa matafiya hanya bayan kullen korona?

Duk shekara idan aikin Hajji ya ƙarato, aka kira maniyyata su je a yi musu allurar sanƙarau da ta shawara, sai tsohuwar gardama ta farfaɗo a majalisu da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce allurar korona ce ta buɗe duniya, da ba don ita ba da har yanzu jirage suna ajiye. Wani ya ce ina, ai shi ya san wanda ya je Dubai ya dawo tun ba a ƙirƙiro allurar ba, kuma yau ba wanda ke tambayar katinta a filin jirgi, to ina amfaninta? Kowannensu yana riƙe da guntun gaskiya. Tambayar da ya kamata a warware ita ce: wace rawa rigakafi ya taka wajen sake buɗe iyakoki, kuma me ya sa mutum biyu da aka yi wa allura iri ɗaya, ɗaya ya wuce salin alin, ɗaya aka tsare shi kwana goma a ɗakin otal?

Lokacin da duniya ta tsaya cak

A 2019, alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an yi tafiye-tafiye kusan biliyan 1.5 daga wata ƙasa zuwa wata. A 2020 adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100, ya koma kusan miliyan 400.

A nan akwai kalmar da ke ruɗa mutane. Da an ce yawon buɗe ido, abin da ke zuwa a ran mai karatu shi ne Bature da kyamara a wuya yana kallon giwaye. A lissafin wannan hukuma kuwa, duk wanda ya tsallaka iyaka ya kwana a wata ƙasa na ɗan lokaci ya shiga ciki: alhaji, mai Umara, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tafi saro yadi, mara lafiyar da aka kai Alƙahira ko Indiya, da uwar da ta je ganin jika. Don haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasashen waje a ranar 23 ga Maris 2020, ba a sake buɗe Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi tun ƙarshen Fabrairu. Hajjin da kusan mutum miliyan biyu da rabi suka yi a 2019 ya koma na 'yan tsiraru mazauna cikin ƙasar. A wancan lokaci makaman gwamnatoci uku ne kacal: rufe iyaka, gwaji, da killacewa. Killacewar ce ta fi kashe tafiya, domin ba wanda zai ɗauki hutun mako biyu ya ƙarar da shi a kulle.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Idan ana maganar rigakafi da tafiya, abubuwa uku ne ake zubawa a ƙwarya ɗaya, alhali kowanne aikinsa daban.

Na farko shi ne allurar da ke jikin matafiyi. Babban aikinta shi ne kare shi daga kwanciya rai a hannun Allah ko mutuwa. Na biyu shi ne takardar shaida, wato katin da ke cewa an yi wa wane allura kaza a rana kaza. Jami'in filin jirgi ba ya ganin abin da ke cikin jinin mutum, takarda yake gani, kuma darajar takardar tana ga yardar da gwamnatinsa ta yi da wanda ya buga mata hatimi. Na uku shi ne yawan 'yan ƙasar da za a shiga waɗanda aka riga aka yi wa allura, musamman tsofaffi da masu fama da ciwon suga ko hawan jini.

A ganina wannan na uku shi ne ya fi nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi. Abin da ya hana shugabanni barci a 2020 shi ne asibitoci su cika, gadaje su ƙare, iskar numfashi ta yanke. Da zarar ƙasa ta yi wa yawancin tsofaffinta allura, ta ga ana kamuwa amma ba a tururuwa zuwa asibiti kamar da, sai ta samu ƙarfin halin buɗe ƙofa. Katin da ake nema daga baƙo ƙari ne a kan wannan, kuma wani ɓangarensa kwantar da hankalin 'yan ƙasa ne don kada su ce an sayar da lafiyarsu saboda kuɗin baƙi.

Katin allura ya girmi korona

Masu cewa korona ce ta kawo tilasta wa matafiyi allura sun manta da katin nan mai ruwan ɗorawa da ake cusawa cikin fasfo. Dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2005, sun bai wa ƙasashe damar neman shaidar rigakafin zazzaɓin shawara. Kafin nan an yi zamanin neman shaidar lambar agana, har aka kawar da cutar daga duniya a 1980. Saudiyya ta daɗe tana sharɗanta allurar sanƙarau ga alhazai, ta kuma tsananta bayan ɓarkewar cutar a Hajjin 2000 da 2001, lokacin da mahajjata suka koma da ita ƙasashensu.

Shan inna ma ya taɓa shiga wannan sahu ta dalilinmu. Bayan dakatar da rigakafinsa a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Daga nan ɗigon shan inna ya zama sharaɗi ga alhazanmu, babba da yaro. Shakkun mutanen Kano yana da tushe, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Amma jami'in bakin iyaka ba ya tambayar tarihi, sharaɗi kawai yake karantawa.

Bambancin shawara da korona shi ne abin lura. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, kuma tun 2016 katinta na har abada ne. Wanda aka yi wa da wuya ya ɗauko cutar ya kai wata ƙasa. Katin yana faɗin gaskiya ɗaya mai ɗorewa. Allurar korona kuwa iri-iri ce, kamfanoni daban-daban, wata sau ɗaya wata sau biyu, ƙarfinta yana raguwa bayan watanni, ita kuma ƙwayar cutar tana sauya kama. An ɗauko tsarin da ya dace da shawara aka ɗora wa cutar da halinta ya sha bamban, kuma yawancin rikicin da ya biyo baya daga nan ya samo asali.

Wanda ya riga ka barci

An fara allurar korona ga jama'a a Ingila ranar 8 ga Disamba 2020, aka soma da wata tsohuwa mai shekara 90. Ƙasashe masu kuɗi sun riga sun biya kuɗin allurai tun suna ɗakin gwaji, wasu har ninkin abin da jama'arsu ke buƙata. Sauran duniya ta jira shirin COVAX, wanda aka kafa don raba wa marasa ƙarfi. Gana ce ta fara karɓa a ranar 24 ga Fabrairu 2021, allura 600,000. Najeriya ta karɓi kusan miliyan 4 a ranar 2 ga Maris, ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200.

Ana cikin haka sai nau'in korona mai suna Delta ya afka wa Indiya, ita kuma ta dakatar da fitar da allura waje. Kamfanin haɗa allura na Serum Institute da ke can shi ne gatan COVAX, don haka rijiyar ta ƙafe na tsawon watanni. Da gudummawa ta fara kwararowa daga baya, wata ta iso saura 'yan makonni ta lalace. A Disamba 2021 hukumomin Najeriya suka lalata allurar AstraZeneca fiye da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare. Har shekarar ta ƙare, waɗanda aka kammala yi wa allura a Afirka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

To a daidai wannan lokaci ne ƙasashen Turai da Amurka suke cewa ƙofa a buɗe take ga mai kati. Kwamitin gaggawa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi ta jan hankali a 2021 cewa kada a mai da shaidar allura sharaɗin shiga ƙasa, saboda rabon bai yi adalci ba, kuma ba a gama sanin yadda take hana yaɗa cutar ba. Ba a saurare shi sosai ba.

Allura ɗaya, daraja biyu

Nan ne lamarin ya fi ciwo, kuma nan ne ya fito fili cewa takarda ke tsallaka iyaka. Ranar 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shaidar allurarta ta zamani, wadda ake ɗauka a waya. Ta wajabta wa mambobinta amincewa da allurai huɗu da hukumar magungunanta ta tantance: Pfizer, Moderna, Johnson & Johnson da AstraZeneca. Sai dai AstraZeneca da aka kawo Afirka ta hannun COVAX ƙirar Indiya ce mai suna Covishield, kuma ba ta cikin jerin. Haɗi ɗaya ne, lasisi ɗaya, masana'anta ce kawai ta bambanta. Abin mamakin, ƙasashen Turai suna cikin manyan masu zuba kuɗi a COVAX. Wato sun saya maka allura, sannan suka ce ba su san ta ba. Tarayyar Afirka ta yi ƙorafi, kuma daga baya ƙasashe da dama, ciki har da Jamus da Faransa, suka amince da ita ɗaya bayan ɗaya.

Birtaniya ta zo da nata salon. Da ta sassauta dokokinta a farkon Oktoba 2021, ta ce ta yarda da allurar, amma ba ta yarda da katin wasu ƙasashe ba. Wanda aka yi wa Pfizer a Landan cikakke ne, wanda aka yi wa ita a Akara ko Abuja sai ya killace kansa. Indiya ta rama, ta ce duk Baturen Ingila da ya sauka sai ya yi kwana goma a killace. Cikin 'yan kwanaki, a ranar 11 ga Oktoba, Birtaniya ta amince da katin Indiya tare da na wasu ƙasashe fiye da talatin, har da Najeriya da Gana. Kimiyya ba ta sauya ba a cikin waɗannan kwanaki.

Amurka, da ta buɗe wa baƙi masu kati a ranar 8 ga Nuwamba 2021, ta karɓi duk allurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Wannan ya sauƙaƙa wa mutanen Afirka da Asiya, amma ya bar miliyoyin da aka yi wa Sputnik V ta Rasha a waje.

Sai dai a faɗi gaskiya, zargin da ake yi wa takardunmu ba daga sama ya faɗo ba. A Maris 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katin shawararsu na jabu ne. Najeriya ta rama, Afirka ta Kudu ta nemi afuwa, amma kowa ya san a lokacin ana sayar da katin ba tare da allura ba. Shi ya sa aka koma katin zamani mai lambar tantancewa a 2019. Wanda ya sayi kati a bayan fage yana ganin wayo ya yi, alhali wake ɗaya ne da ke ɓata gari: shi ne hujjar da ake kafawa a wulaƙanta mai katin gaskiya.

Ƙasashen da baƙi ke ciyarwa

Inda abincin jama'a ya dogara da masu yawon buɗe ido, an yi dabaru iri-iri. Tailan, wadda ta karɓi baƙi kusan miliyan 40 a 2019, ta zaɓi tsibirin Fuket, ta tura allura can har aka yi wa kusan kashi 70 cikin 100 na mazaunansa, sannan ta buɗe shi ga baƙi masu kati a ranar 1 ga Yuli 2021 ba tare da killacewa ba. Duk da haka baƙin da ƙasar ta samu a shekarar ba su kai rabin miliyan ba, saboda yawan takardu da gwaje-gwaje da inshora sun gajiyar da mutane, kuma 'yan Sin da su ne manyan abokan cinikinta suna kulle a gida. Girka ma ta fifita mazauna tsibiranta a layin allura kafin ta buɗe a Mayu 2021.

Tsibiran Seshel sun ba da darasi tun da wuri. A Mayu 2021 suna cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu allura a duniya, sai ga cutar ta sake tashi, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kamuwa an kammala musu allura. Amma yawancin waɗanda suka galabaita ba a yi musu ba.

A ɗaya gefen, Dubai da Maldibs sun buɗe tun Yuli 2020, babu allura a duniya, da gwaji da matakan kariya suka dogara. Meziko ba ta taɓa neman kati ko gwaji daga masu sauka ta jirgi ba, ta cika da baƙi, ta kuma yi asarar rayuka masu yawa. Sin kuwa ta yi wa kusan kashi 90 cikin 100 na jama'arta allura amma ta ƙi janye killacewa sai 8 ga Janairu 2023, saboda manufarta ita ce kada a samu cutar ko kaɗan. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun kusa shekara uku suna oda ta waya, suna karɓar abin da aka aiko ko ya yi ko bai yi ba. Allura tana ba gwamnati dama, amma gwamnati ce ke yanke shawara.

Omikron ya kwance lissafi

A ƙarshen Nuwamba 2021 masana a Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona, wanda aka raɗa wa suna Omikron. Tukuicin gaskiyar da suka faɗa shi ne rufe musu ƙofa cikin kwana biyu. Birtaniya ta sa ƙasashen kudancin Afirka a jerin masu haɗari, ta ƙara da Najeriya daga 6 ga Disamba. Mai izinin zama a Birtaniya da ya dawo daga waɗannan ƙasashe sai ya biya fam 2,285 kuɗin killacewa a otal, ko da an yi masa allura sau biyu. Kanada da Saudiyya ma suka taƙaita shigowa daga Najeriya. Babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya kwatanta matakin da wariyar launin fata a harkar tafiya. Daga baya aka gano nau'in yana Holan tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta soke jerin, domin cutar ta riga ta bazu a cikin gidanta.

Omikron ya tabbatar da abin da Seshel ta nuna: mai allura yana kamuwa, yana kuma yaɗawa, amma da wuya ta kwantar da shi. Wannan ya rushe hujjar tsare mara kati a bakin iyaka, ya kuma ƙarfafa hujjar buɗewa gaba ɗaya. Shi ya sa ƙasashen da suka fi yawan masu allura su ne suka fara watsar da katin. Ingila ta janye dukkan sharuɗɗan tafiya a ranar 18 ga Maris 2022. Ostareliya, wadda ta kori zakaran wasan tanis Novak Djokovic a Janairu 2022 kan rashin allura, ta janye sharaɗin a tsakiyar shekarar. Amurka ta jinkirta har Mayu 2023, watan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Ga mai tambayar dalilin da ya sa ba a neman katin yanzu, amsar ke nan.

Yadda abin ya kasance a Hajji

Hajji ne ya fi nuna matakan dalla-dalla. A 2021 an ba mutum 60,000 izini, dukkansu mazauna Saudiyya, masu allura, 'yan shekara 18 zuwa 65. A watan Agusta na shekarar aka buɗe Umara ga baƙi masu allura, ana tantance su ta manhajar waya kafin shiga Harami. A 2022 aka ce mutum miliyan ɗaya, da sharaɗin allura, gwajin korona na PCR cikin awa 72 kafin tashi, da kuma kada a haura shekara 65. Najeriya ta samu kujeru 43,008, ƙasa da rabin 95,000 da ta saba.

Sharaɗin shekaru ya fi na allura zafi a wajenmu, domin mu sai mutum ya manyanta, ya aurar da 'ya'ya, sannan yake tara kuɗin kujera. Dattawa da yawa da suka biya tun 2020 sun ga an tafi an bar su, wasu Allah bai nufe su da ganin 2023 ba, shekarar da aka cire sharaɗin shekaru, mahajjata suka haura miliyan 1.8. Sanarwar 2022 ma ta zo a Afrilu, Arfa kuma a farkon Yuli, aka yi shiri cikin gaggawa, har wasu maniyyata ba a kwashe su ba. Kuɗin kujera ya tashi daga kusan naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 zuwa kusan miliyan biyu da rabi, kodayake faɗuwar naira tana da babban kaso a wannan.

Abin da ya saura

Tafiye-tafiyen duniya sai a 2024 suka koma kusan inda suke a 2019. Tsarin shaidar zamani na Tarayyar Turai ya ƙare a ƙarshen Yuni 2023, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi fasaharsa don gina hanyar da ƙasashe za su riƙa tantance takardun lafiyar juna. Idan wata annoba ta sake zuwa, ƙasar da bayanan rigakafinta ke cikin irin wannan tsari ita za a fara buɗe wa ƙofa, kuma wannan aiki ne na ma'aikatun lafiya da na harkokin waje tun kafin ranar ta zo.

Ga mai shirin tafiya yau kuwa, tsofaffin sharuɗɗan suna nan daram. Katin shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya je ana gobe tashi ya makara. Allurar sanƙarau ta Hajji da Umara ma ana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya, kuma takardarta tana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon nau'in da aka yi.